Kawu Bai Hau Sabon Jirgi Ba

Kawu ya rasu ranar wata Talata da hantsi a asibiti, hannunsa yana cikin nawa. Daga Allah muke, gare shi muke komawa. Kafin la'asar gidana na unguwar Catford a Landan ya cika, takalma sun zubo har kan matakala, maƙwabciyata Baturiya tana tsallake su tana ba mu haƙuri kamar ita ta yi mana laifi. Maza suna falo, mata sun cushe a kicin da ɗakin yara. Matarsa, wadda duk muke kira Dada, tana ɗakinsu ta shiga takaba, an ɗan buɗe ƙofa saboda masu gaisuwa.

Ina kai shayi ina dawowa, kunnena yana tsintar abin da ake faɗa. "Allah ya jiƙansa, mutumin kirki ne, sai dai akwai kafiya." Wani ya ce, "Ni dai tuni na yafe masa." Wani likita da Kawu ya taɓa tsarewa a wajen suna har abincinsa ya huce ya ce, "Yanzu kuma wa zai riƙa yi mana lacca a kan layin dogo?" Aka yi 'yar dariya, aka shafa addu'a. Mutum ɗaya ce ta yi kukan da ya sa ni kuka, wata tsohuwa 'yar Zangon Kumasi da ba wanda ya san ta a gidan, ta zauna a bakin ƙofa ta ƙi shigowa.

Raina ya ɓaci, kuma har yau bai gama hucewa ba. A yafe masa me? Bai ci haƙƙin kowa ba, bai zagi kowa ba. Magana ɗaya ya riƙe tun yana saurayi, ya ƙi sakinta don a ji daɗin zama da shi, shi ke nan laifin.

Washegari, muna jiran takardar izinin binnewa, shugaban ƙungiyar 'yan garinmu ya zo. Alhaji muke ce masa, ɗan kasuwa ne mai son a yi abu a gani. Ya zauna kusa da ɗan Kawu, wanda nake kira Yaya, ya gyara murya.

"Mutum irin wannan ba a binne shi a ƙasar sanyi," in ji shi. "Na yi waya da manya a gida. Jirgin sama zuwa Abuja, daga nan a sa shi a sabon jirgin ƙasa, tarago guda nasa shi kaɗai, a wuce da shi har tashar garinmu. Uba ya yi wa tsohon layi hidima, ga ɗa yana aikin sabo. 'Yan jarida ma za su zo."

Falo ya ɗauki madalla. Yaya shi kaɗai ne ɗa namiji, maganar a hannunsa take, ya sunkuyar da kai ya ce a ba shi zuwa gobe. Ni kuwa na dubi ƙofar Dada. Mace mai takaba ba ta tafiya, ga takardun zamanta suna ofishin shige da fice na Croydon ana sabuntawa, in ta fita ƙasar maganarsu ta lalace. In aka ɗauke gawar nan, ta rabu da mijinta ke nan har da kabarinsa, kuma a ɗora shi a kan abin da ya mutu yana jayayya da shi. Kawu bai bar wasiyya a kan wannan ba. Na taɓa tambayarsa inda yake so a kai shi, ya ce, "Wannan aikin masu rai ne, Uwata." Sunan mahaifiyarsa gare ni, shi ya sa yake kirana haka.

Wanda bai san Kawu ba zai ce shawarar Alhaji girmamawa ce. Don haka bari in faɗi ko wane ne shi.

Mahaifinsa, kakana na wajen uwa, ɗan dako ne a tashar Zariya zamanin da ƙaramin jirgin Jos yake aiki. Wannan ƙaramin jirgi faɗin layinsa ƙafa biyu da rabi ne, babban da ke gangarawa bakin teku kuwa ƙafa uku da rabi. Taragon wannan ba ya hawa ƙarfen wancan. Saboda haka duk kuzar da aka haƙo a Filato, in ta iso Zariya, sai an sauke ta daga ƙaramin tarago an loda a babba, buhu bayan buhu, a gadon bayan mutane. Juyen kaya suke ce wa aikin. Kakana ya yi shi har bayansa ya lanƙwashe, da ya rasu ma masu wanka sun yi fama kafin su miƙar da shi. Kawu in yana ba da labarin ba ya ɗaga murya. Sai dai ya ce, "Bature ɗaya ne fa ya shimfiɗa duka biyun. Bai manta ba ne. Ƙaramin ya fi araha, bayan Baba kuma ba ya cikin lissafi."

Kawu ya yi karatu, aka turo shi nan Landan ya koyi aikin injiniya, ya koma gida ya kama aikin layin dogo, yawancinsa a Maiduguri, inda layinmu ya ƙare. Daga can aka taɓa tura shi Gaundare ta Kamaru ya dubo nasu layin, ko za a iya haɗawa wata rana. Ya tarar da irin na Faransa, mita ɗaya, namu na Ingila kuwa ya ɗara shi da abin da bai fi faɗin yatsu uku ba. Duk wanda ya zauna da Kawu ya ga yatsun nan uku, yana ɗaga su a gaban hancin mutum ko an tambaye shi ko ba a tambaye shi ba. Yakan ce da bambancin mai yawa ne da an shimfiɗa ƙarfe na uku a tsakani kowane jirgi ya bi nasa, amma wannan ya yi kusa ainun, ba wurin da ƙarfen zai zauna.

A Gaundare ya ga Dada. Da ya je neman aurenta, mahaifinta ya ce ƙasar ta yi nisa, Kawu kuma da zafin samartaka ya ce, "Baba, ni da kaina zan kawo maka ita a jirgin ƙasa." Tsohon ya yi dariya ya ba shi. Layin bai taɓa haɗuwa ba. Duk lokacin da aka tayar da zancen, in ji Kawu, a kan tambaya ɗaya yake mutuwa, wato faɗin wa za a bi. Dada ta yi ta zuwa gida a bayan babbar mota daga gari mai jirgi zuwa gari mai jirgi. Shekarar da mahaifiyarta ta kwanta ciwo da damina ne, hanya ta jiƙe, mota ta kafe, ta isa an riga an share makoki. Ba ta taɓa goranta masa ba, shi ne bai yafe wa kansa ba.

Ciwon ƙoda ya dawo da shi Landan da tsufa, suka zauna a wajena shi da Dada, saboda ni ma'aikaciyar jinya ce kuma ɗakina yana ƙasa-ƙasa. Na sha fama da shi, ba zan ɓoye ba. Kawu ba ya canjin jirgi. In ka ce masa a shiga wannan a sauka a shiga wancan a isa da wuri, sai ya ce, "Ba na canji," ya je ya hau bas ɗaya da za ta zagaya rabin gari da shi. Ranar da na raka su Croydon kan takardun Dada, muna tsallaka layin taram, ƙaramin jirgin nan da ke bin tsakiyar titi, sai kawai na waiga na ga tsoho ya durƙusa a tsakiyar titi ya gicciya sandarsa a kan ƙarafan. Direba yana ta kaɗa ƙararrawa, mutane suna kallo, ni kamar in nutse. Ya tashi a hankali, ko a jikinsa, ya kakkaɓe gwiwa.

"Kin gani, Uwata? Daidai yake da na babban jirginsu. Su ma sun taɓa yin faɗi biyu a ƙasar nan, suka sha wuya, suka gyara. Sun san ciwon sarai kafin su zo mana da shi."

Na ce, "Kawu, in taram ya take ka, wa zai ba ni amsar wannan?"

Ya ce, "Ai yana da birki."

A ranar ne ya haɗu da tsohuwar Kumasin nan, ban ma lura ba sai da ta ba ni labari a wajen makoki. Ta fito daga ofishin da jakunkuna biyu manya, an ce ta koma wani gini, ta rasa yadda za ta yi. Kawu, mai wankin ƙoda, ya ɗauki ɗaya ya kai mata har ƙofa, ya jira ta fito, ya sa ta a mota. Ta ce min da Hausarsu, "Ni ban san shi ba, shi bai san ni ba, ya ɗauki kaya na kamar shi ne ya kawo ni." Halinsa ke nan. Ba ya iya ganin mutum yana jan kaya daga wannan jirgi zuwa wancan ya wuce. Na sha yi masa faɗa a matakalar tasha yana riƙe da akwatin wani ƙato wanda ya isa jikansa, sai ya yi min kunnen uwar shegu.

Rigimarsa da Yaya kuwa a unguwar Aldwych ta fito fili. Yaya ya gaji uban, injiniya ne, yana aiki da wani kamfani da ke tsara sababbin layukan da ake yi a gida, masu faɗi irin na nan Turai. Jami'ar da ke can ta shirya taro a kan layin dogo a Afirka, Yaya yana cikin masu jawabi. Kawu ya sa babbar rigarsa, ya hau bas ɗinsa, ni kuma na bi shi don na san ba alheri zai kai shi ba. Yaya ya yi bayani mai kyau, aka tafa. Da aka ce akwai tambaya, hannun Kawu ne ya riga na kowa.

Ya miƙe, ya yi magana da Turancinsa na mutanen da, tsaf-tsaf. Ya ce ya ji za a yi layi mai faɗi, madalla. Ga tsohon layi da ya ratsa garuruwan da suka rayu a kansa, ga na maƙwabta irin na Faransa. Yana so a nuna masa a taswira wurin da za a juye kaya, don ya san bayan wa za a karya wannan karon.

Yaya ya ce tambayar tana da muhimmanci amma ba ta cikin abin da aka zo tattaunawa. Mai gabatarwa ya yi maza ya ba wani. Kawu bai zauna ba sai da na ja masa riga.

A gida aka ƙarasa, a kan tuwo. Yaya ya ce, "Baba, ka yi embarrassing ɗina a gaban mutanen da nake aiki da su."

"Tambaya na yi."

"Layinka ya mutu, Baba. Katakon ya ruɓe, ƙarfen ya yi tsatsa, a wasu wuraren an yi gini a kai. Sai mu zauna babu jirgi don kada ranka ya ɓaci? Yanzu da crane ake ɗaga kaya, ba da baya ba."

"A tashar garinmu akwai crane?"

"Za a zo wajen."

"Haka aka ce wa ubana." Kawu ya ture kwano. "Ban ce kada a yi mai faɗi ba. Cewa na yi a haɗa shi da abin da yake ƙasa, a sa ƙarfe na uku inda zai shiga, kada a yar da garuruwa. Bature ya yi mana faɗi kala-kala don daga rami zuwa teku kawai yake so, bai damu mu ziyarci juna ba. Shi baƙo ne. Kai da hannunka za ka ƙara wani, ka ce min ci gaba ne."

Daga ranar ya daina ce masa "yaron nan", yadda uba ke sakaya sunan ɗan fari, ya koma ce masa Injiniya, yana jan kalmar yadda kowa zai gane ba yabo ba ne.

Ba zan ce Yaya ba shi da gaskiya ba. Tsohon layin ya lalace, sabon kuma yana ɗaukar mutane, na hau shi da kaina da na je gida, na ji daɗinsa. Kawu ma na kama shi yana kallon bidiyonsa a wayar 'yata, yana gyaɗa kai. Da ya ga na gan shi sai ya miƙa wayar ya ce, "Fentin ya yi kyau." Kuma duk wannan gaba, Yaya ne yake barin aiki ya zo ya kai shi wankin ƙoda. Su shiga mota, su je, su dawo, ba mai ce wa wani uffan sai gaisuwa. Ni da Dada mun yi roƙon, mun yi fushin, mun haɗa su da malamin masallacinmu, duk a banza. Kawu ya ce shi ba ya fushi da kowa, amsa yake jira. Bai same ta ba har ya rasu.

To wannan mutumin ne Alhaji yake so a sa a sabon jirgi a kira 'yan jarida.

Alhaji ya dawo washegari da hantsi, waya a hannu, falo cike. "An kusa yin booking, amincewarka kawai ake jira," ya ce wa Yaya.

Na san ba wurina ba ne, mace a zancen jana'iza, amma na ajiye tire na tsaya a ƙofar kicin. Na ce, "Alhaji, a gafarce ni. Taragon nan in ya isa Kaduna, ta ina zai bi zuwa garinmu?"

"A maƙala shi a jirgin can mana, Hajiya. Ai duk jirgi ne."

Shekara da shekaru Kawu yana ɗaga wa mutumin nan yatsu uku a kowane suna da kowace Sallah, ashe ko kalma ɗaya ba ta shiga ba. Na dubi sauran, na ga su ma haka suka ɗauka. Yaya ne ya ɗago.

"Ba zai hau ba, Alhaji. Sabon layin ya fi tsohon faɗi, tasharsu ma ba ɗaya ba ce. Sai an sauke akwatin, a sa a mota, a ratsa gari zuwa tsohuwar tasha, a sake lodawa. In an samu kan jirgin da zai ja ke nan."

Alhaji ya ce, "To ai ba wani abu ba ne. Akwai matasa majiya ƙarfi, sai a juye shi."

Ban taɓa jin Dada ta ɗaga murya a gaban maza ba, ranar ma ba ta ɗaga ba. Daga bayan ƙofa maganar ta fito, a hankali, kowa ya ji.

"Alhaji, mijina ba buhun kuza ba ne."

Alhaji ya ce, "Hajiya, girma muke so mu yi masa." Ya juya ga Yaya. "Kai ne namiji. Kuma aikinka ne ake so a nuna wa duniya, ka duba."

Na ji tsoro a lokacin, don na san abin da ake miƙa wa Yaya. Hoto ne da zai nuna a ƙarshe uban ya hau jirgin ɗan, rigima ta ƙare a inda yake so, kuma mamaci ba ya musu. Yaya ya dubi Alhaji.

"Na gode, Alhaji," ya ce. "Irin layin nan aikina ne, kuma har gobe ina ganin daidai muka yi. Zan hau shi, 'ya'yana za su hau. Baba bai yarda da shi ba yana raye, ban kuma ba shi amsar da ya nema ba. Ba zan ci nasara a kansa don ya daina magana ba. A yi cancel. A nan za a binne shi, kusa da Dada."

Aka yi ta ƙananan maganganu. Wani ya ce ɗan ma ashe kafiyar gare shi. Alhaji ya sa wayarsa a aljihu, ya yi addu'a a gajarce, ya fita, rabin falon ya bi shi. Waɗanda suka rage sun isa sallar gawa, har da ƙari, don tsohuwar Kumasi ta turo 'ya'yanta maza.

Takarda ta fito, aka yi masa sutura a masallaci, aka kai shi maƙabartar Musulmi a bayan gari. Mu mata muna gida. Da suka dawo, Yaya bai zauna a falo ba, ya wuce ƙofar mahaifiyarsa ya durƙusa, wandonsa duk jar laka har gwiwa, don shi ya shiga ramin ya karɓe shi.

Dada ta ce, "An kai shi?"

"An kai shi, Dada."

"A hanya an sauke shi?"

"A'a. Daga masallaci mota ɗaya ce. Ba a sauke shi ko'ina ba sai a kabarinsa."

Ta ce, "Allah ya yi maka albarka." A nan Yaya ya kifa kansa a jikin ƙofar ya yi kukan da bai yi ba tun ranar Talata.

Allah ya gafarta wa Kawu kurakuransa, ya yalwata masa makwanci, ya haɗa shi da iyayensa cikin rahama. Duk wanda Kawu ya taka a wani abu, ina roƙonsa ya yafe don Allah. Amma tambayar da ya yi ba ta cikin abin da nake nemar masa afuwa, kuma har yanzu ba wanda ya amsa ta.